Yaro mai Turanci da yarinya mai hujja: wa zan ba maki?

Malama Rabi, Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a wata sakandaren gwamnati a nan Kumasi, ƙasar Gana, shekarata ta bakwai ke nan. Akwai takardu biyu a kan teburina tun ranar Juma'a, na ɗauka na ajiye ya fi sau goma, na kasa sa musu maki. Shi ya sa na zo neman shawarar waɗanda suka riga ni a aikin.

Na ba 'yan aji biyu aikin insha'in muhawara, amma ba irin wanda ake zama a aji a rubuta cikin minti hamsin ba. Na ba su mako uku, na ce kowa ya je ya yi bincike, ya ɗauki matsaya, ya kare ta da hujja. Batun shi ne paragiya, wato keke mai ƙafa uku da 'yan'uwanmu na Kano ke kira adaidaita sahu. Kun tuna a 2023 hukumar birni, KMA, ta hana su shiga tsakiyar gari, wajen Adum da Kejetia, aka yi ta rigima. Tambayar da na rubuta a allo ita ce: hanin nan daidai ne ko ba daidai ba? Na zaɓi batun ne domin babu yaron da zai ce bai san shi ba. Da yawansu a paragiya suke zuwa makaranta, wasu kuma da kuɗinta ake cin tuwo a gidajensu.

Yara hamsin da takwas ne a ajin. Mafi yawa sun kawo abin da na zata. Biyu ne suka hana ni barci.

Na farko yaro ne. Turancinsa kamar ruwa. Gabatarwa tsaf, sakin layi biyar, kowanne ya buɗe da jimlar da ta dace, kammalawa ta koma kan gabatarwa. Ya goyi bayan hanin. Amma sau huɗu ya rubuta wai bincike ya nuna kaza, masana sun ce kaza, bai faɗi wane bincike ba, bai ambaci masani ko ɗaya ba. A wuri biyu ya kira abin da suna "rickshaw", kalmar da ban taɓa jin wani ya faɗa ba daga Aboabo har Bantama. Kejetia ba ta fito a takardar ba ko sau ɗaya. Da za a goge sunan Kumasi daga kanta a sa na wani gari a Indiya, babu jimlar da za ta buƙaci gyara. Zuciyata ta ba ni cewa waya ce ta rubuta masa, amma ba ni da shaida, kuma ba zan ɗora wa yaro sata a kan zato ba.

Ta biyu yarinya ce. Uwarta na sayar da koko da ƙosai, har akwai tabon mai a gefen shafi na biyu. Ta haɗo min da ƙaramin littafin da ta yi aikin a ciki, ban ma nema ba. Ranar Asabar biyu ta je tasha ta yi hira da masu paragiya tara, da mata shida masu kai kaya kasuwa, da yaron torotoro, wato ƙaramar motar haya, guda. Kowanne ta rubuta ranar da wurin da suka yi magana. Matsayarta ita ce bai kamata a hana su gaba ɗaya ba, a ware musu tasha da lokacin shiga. Hujjarta mafi ƙarfi daga matan ta fito: tun da aka hana, paragiya na sauke su nesa, sai sun sake biyan kayayo, wato 'yar dako, ta ɗauki kayan zuwa rumfa, kuɗin hanya ya zama biyu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sakin layi na huɗu. Ta rubuta cewa ɗaya daga cikin matan ta nuna mata tabo a ƙafa inda paragiya ta buge ta, kuma matar tana goyon bayan hanin. Yarinyar ba ta ɓoye wannan ba duk da ya saɓa wa matsayarta. Ta kawo shi, ta amsa shi gwargwadon iyawarta. A ƙarshe ma ta faɗi cewa kawunta mai paragiya ne, don mai karatu ya sani.

Amma Turancin, sai addu'a. Namiji ya koma mace, mace ta koma namiji a jimla guda, abin da muka sani sarai inda ya samo asali, tunda Hausarmu ta Zango ba ta cika raba "ya" da "ta" ba, Tonanci kuma, wato yaren Ashanti, sam ba ya rabawa. Jimla ɗaya ta ci layi takwas babu aya.

Na gwada auna su da ma'aunin WAEC da muka saba, maki hamsin: goma na abin da aka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na tsabtar nahawu da ƙa'idar rubutu. Yaron ya tashi da 34, yarinyar da 20. Goman ƙarshe ba ta samu ko ɗaya ba, domin rabin maki ake cirewa a kowane kuskure, ta cika kuskure ashirin tun kafin ta gama shafin farko.

Idan na miƙa musu wannan sakamako, na gaya wa aji guda cewa wadda ta tsaya a rana ta tambayi mutane ɓata lokacinta ta yi. Idan kuma na juya, ina tsoron in yaudare ta, domin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ba za ta tausaya mata ba. Me kuke yi a irin wannan?

Baba Ticha, Tafo:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekara talatin da ɗaya a aji kafin in ajiye alli, na kuma sha zaman gyaran takardun jarrabawa. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba.

20 ɗin nan gaskiya ce, kada ki taɓa ta. Ranar jarrabawa za a ba yarinyar nan batu, a ce ta rubuta kalma 450, babu tasha, babu matan kasuwa, babu littafin hira. Mai gyara bai san uwarta ba, bai ga tabon mai ba, jan biro kawai yake riƙe da shi. In ba ta samu C6, wato mafi ƙarancin kiredit, a Turanci ba, ƙofar jami'a da ta kwalejin malamai da ta aikin jinya duk a rufe suke, komai kaifin basirarta. Na ga yaran Zango da yawa masu kai sun tsaya a wannan ƙofar. Malamin da ya ƙara wa yaro maki don tausayi, shi ya haƙa masa ramin.

Amma kuskuren ba a takardun yake ba, a wurinki yake, kuma kuskure ne mai sauƙin gyara. Kin ba da aiki iri ɗaya, kin ɗauko mudun wani aiki daban. Ma'aunin WAEC an yi shi ne don rubutun zaman ɗaki, inda ba a tsammanin yaro ya kawo madogara, shi ya sa talatin cikin hamsin suka tafi ga harshe. Ba a auna gero da ma'aunin yadi. Tun ranar da kika rubuta tambayar a allo ya kamata ki rubuta a ƙasanta yadda za a raba makin. Yaron nan, ko da hannunsa ya rubuta, bai karya wata doka da kika kafa ba, tunda ba ki ce hujja marar asali ba ta da maki ba.

Abin da nake yi a zamanina: maki biyu a kan takarda guda. Ɗaya a hagu na harshe, da ma'aunin WAEC, ba sassauci. Ɗaya a dama na bincike da hujja. Ba na haɗa su, ba na raba su biyu. Yaro ya ga inda yake da ƙarfi da inda yake gurgu.

Sannan ki daina jan layi a ƙarƙashin kowane kuskure. Takardar da ta koma ja gaba ɗaya ba mai karanta ta, ninkewa ake yi a cusa a jaka. Zaɓi ciwo biyu kawai a takardar yarinyar nan, na namiji da mace da na rashin aya. Ki sa ta karanta jimlar nan mai layi takwas da ƙarfi a gabanki. Duk inda numfashinta ya yanke, nan ne wurin aya. Mako biyu kina yi mata haka za ki ga bambanci.

Malam Awudu, Sabon Zango, Akara:

Malama, ni ba malamin boko ba ne, makarantar allo da islamiyya nake riƙe da ita, amma tambayarki ta shigo gonata.

Yaran da ke gabanki da safe, da yawansu su ne a gabanmu da yamma da ranar Asabar. Kuma duk yaron da ya kai karatun hadisi ya san abu guda: hadisi yana da matani, yana da isnadi. Matani shi ne maganar, isnadi shi ne wane ya ji daga wane har zuwa tushe. Komai daɗin matani, in babu isnadi ba a gina hukunci a kansa. Malaman hadisi sun yi tafiyar watanni don su ji magana guda daga bakin wanda ya ji ta. Sun kuma duba mai ruwaya kansa: yana da gaskiya, yana da riƙo, ya ma haɗu da wanda yake cewa ya ji daga gare shi?

To ki ɗauki takardun nan biyu da wannan ido. Yaronki ya kawo matani mai kyau da isnadi yankakke. "Masana sun ce" daidai yake da "an ce", kuma kowa ya san darajar "an ce" a bakin masallaci. Yarinyar ta kawo isnadi cikakke, da rana da wuri. Har ta bayyana cewa kawunta yana cikin masu amfana, wato ta faɗi aibin mai ruwaya da kanta kafin a tono. Wannan amana ce, kuma ita ce ta fi wuyar koyarwa.

Shawarata, ranar da za ki koya musu kawo madogara, kada ki fara da ƙa'idar Turawa ta inda ake sa shekara da inda ake sa waƙafi. Ki tambaye su: in wani ya tashi bayan sallah ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kaza, me za ku tambaye shi? Za su amsa miki baki ɗaya: wa ya ruwaito? Daga nan sai ki ce to haka ma a nan. Kiristocin ajin su ma sun san ba a jawo aya ba tare da faɗin littafi da sura ba. Abin yana cikin kansu tuntuni, ba su dai san yana aiki a darasin Turanci ba ne.

Game da yaron, kin yi daidai da ba ki tuhume shi ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ki kira shi ki ce ya kawo miki isnadin wuraren nan huɗu. In yana da shi, alhamdu lillahi. In babu, shi da kansa zai gane, ba sai kin kunyata shi a gaban aji ba.

Ɗan Asawase:

Anti, ni paragiya nake ja, na bar makaranta a aji biyu. Abu ɗaya zan ƙara. Ki duba ko yaran sun san cewa Asawase da Aboabo da Sawaba ba a ƙarƙashin KMA suke ba. Tun 2012 aka yanke mu aka sa a gundumar Asokore Mampong. Mutane da yawa suna magana kamar hanin ya shafi unguwanninmu, alhali a nan muna aiki, tsakiyar gari ne ba ma shiga. Duk wanda ya rubuta a kan wannan batu bai san haka ba, bai tambayi kowa ba. Yarinyar nan kuma a gaishe ta. Mutum tara a cikinmu sun tsaya sun amsa mata a ranar Asabar, ranar da ta fi kowace kawo kuɗi, wannan ya nuna ta iya gaisuwa da ladabi.

Safiya, Madina, Akara:

Yaya Rabi, ina karatun digiri na biyu a jami'ar Legon, ina kuma taimakawa wajen duba rubutun 'yan shekarar farko. Irin yaronki muna samun su da yawa, sun zo da sakamako mai kyau a Turanci, amma ba su taɓa jin cewa magana tana bin bashin shaida ba. Watan farko yana yi musu zafi sosai.

Zan ɗan saɓa wa masu yabon yarinyar, ba don ban ji daɗin aikinta ba. Aikinta rabi ne. Ta ji daga bakin mutane, ba ta karanta komai ba. Mutum goma sha shida a tasha guda ba su ne Kumasi ba, kuma kusan dukansu masu cin moriyar paragiya ne. Ba ta je wurin mai shago a Adum ba, wanda cunkoso ke toshe masa ƙofa, ba ta nemi abin da KMA ta faɗa da bakinta ba. Akwai kuma dokar hanya ta 2012, LI 2180, wadda ta hana ɗaukar fasinja don kuɗi a babur da keke mai ƙafa uku. Mai muhawara a kan paragiya dole ya san da ita, dole kuma ya bincika gyaran da aka yi mata daga baya, domin madogara ma tana tsufa. In kika ba ta cikakken makin bincike, kin rufe mata wannan ƙofar.

Abin da na ga yana aiki shi ne a daina jiran takardar ƙarshe. A raba mako ukun. Ƙarshen makon farko kowa ya kawo jimla ɗaya tak, matsayarsa, da madogara uku: mutum ɗaya da ya tambaya, rubutu ɗaya da ya karanta, da hujja ɗaya daga ɓangaren da bai yarda da shi ba. Mako na biyu daftari, su yi musaya da juna, kowa ya ja layi a duk inda ya karanta ya ji yana son tambayar "wa ya ce?". Mako na uku a kawo gyararre tare da tsohon. Wanda waya ta rubuta wa ba shi da tsoho, ba shi da tarihi. Kuma da yara hamsin da takwas, duba jimla ɗaya da madogara uku ya fi miki sauƙi a kan gyara shafi uku-uku.

Madogara kuwa ba sai an sha wahala ba. Rahotannin ƙidayar 2021 suna shafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa kyauta, har na gunduma-gunduma. Labaran Daily Graphic na lokacin rigimar suna intanet. Wanda ba shi da data, akwai laburaren jiha a cikin Cultural Centre.

Abu na ƙarshe, minti uku na kare rubutu da baki. Tambaya biyu kawai: wace hujjarka ce ta fi ƙarfi, kuma me wanda bai yarda da kai ba zai ce? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Malama Rabi, Aboabo, Kumasi:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na jinkirta amsa ne don in yi abin tukuna.

Baba, na karɓi gyara. Laifina ne da ban rubuta rabon maki a allo ba tun farko, shi ya sa ban shigar da makin kowa a rajista ba. Na mayar da dukan takardun a matsayin daftari, na ba da ƙarin kwana goma. Wannan karon na rubuta musu ma'aunin, suka kwafa. Na bi maganarka ta maki biyu, na hagu na WAEC ne ba canji. Na dama shi ma hamsin: goma ga matsaya bayyananna da ba ta sauya a tsakiyar hanya, ashirin ga hujja mai asali, sha biyar ga kawo maganar ɗaya ɓangaren da adalci da amsa ta, biyar ga yadda hujja ke bin hujja. Wuri ɗaya ne ban bi ka ba. Dole a ƙarshe in shigar da lamba guda a rajista, don haka zan haɗa su, kuma na gaya wa yaran haka.

Malam, na yi tambayar da ka ce. Ban gama rufe baki ba ajin ya ɗauka, "wa ya ruwaito?" Wata yarinya 'yar coci a gaba ta ce su ma fastonsu ba ya yarda a ce "an rubuta" sai an faɗi inda aka rubuta. Tun ranar, in suna musayar daftari, abin da suke rubuta wa juna a gefen shafi ke nan. Ban taɓa ganin darasin madogara ya shiga da sauri haka ba.

Safiya, maganarki ta yi min nauyi da farko, domin na riga na ƙaunaci takardar yarinyar. Amma da na sake karantawa na ga gaskiyarki. Na ba ta 31 a dama, ba 45 da zuciyata ke so ba. Na rubuta mata abu biyu: ki nemo dokar, ki nemo mai shago. Ta tambaye ni ko za ta iya sauya matsayarta in abin da ta samo ya fi ƙarfinta. Na ce za ta iya, in dai ta nuna abin da ya sauya ta.

Yaron kuwa na kira shi bayan an tashi, mu biyu kaɗai. Na ajiye takardar, na nuna wuraren huɗu, na ce ina son sanin inda suka fito. Ya daɗe yana kallon tebur. Sannan ya ce, "Madam, ban sani ba." Ban tambaye shi wa ya rubuta ba. Na ce masa, kana goyon bayan hanin da gaske? Ya ce e, sosai, domin ƙanwarsa ta taɓa faɗowa daga paragiya a hanyar makaranta, direban yaro ne ƙarami ba shi da lasisi. Na ce to me ya sa wannan ba ya cikin takardar? Ya ce ya ɗauka irin wannan ba a sa shi a insha'i.

Jiya ya kawo min jimlarsa ɗaya da madogara biyu. Ta uku ce ta gagare shi, wato hujjar ɗaya ɓangaren, ya ce shi bai san mai paragiyar da zai tsaya ya saurare shi ba tunda ra'ayinsa ya saɓa nasu. Ɗan Asawase, ƙanena, in na turo shi tasharku ranar Asabar da safe tare da wansa, za ka ba shi minti goma?